Yadda ake zana haske da inuwa a kan takarda mai launi

Idan ka saba zane a farar takarda ka san cewa aikinka duka ƙara duhu ne, farin yana nan tun farko, kai dai ka yi ta cikawa da fensir kana kaffa-kaffa kar ka taɓa inda haske zai zauna. Toh a takarda mai launi, wato mai ruwan toka ko ruwan ƙasa ko shuɗiya, daga tsakiya kake farawa. Takardar da kanta ta riga ta ɗauke maka rabin aiki, kai naka biyu ne kawai: ka sauka zuwa duhu da baƙin fensir, ka hau zuwa haske da farin fensir, tsakanin su kuma ka ƙyale takarda ta yi abinta. Wannan ƙyalewar ita ce tafi komai wuya ga mai koyo, kuma a kanta zan fi tsayawa, don duk wanda ya cike takardar kaf da fari da baƙi to gara ma ya koma farar takardarsa.

Ba sabon abu bane. Masu zane a birnin Benis na Italiya sun yi ta aiki da shuɗiyar takarda tun ƙarni na 15 da na 16, kuma sanannen zanen nan na hannaye biyu a haɗe ana addu'a da Bajamushe Albrecht Dürer ya yi a 1508, a kan takardar da aka shafa wa shuɗi ya yi shi, da baƙin tawada da fari, yanzu haka yana gidan adana zane na Albertina a ƙasar Ostiriya. Ka nemo hoton ka duba da kyau, za ka ga a wurare da yawa na bayan hannun shuɗin takardar ne tsagwaronsa ke tsaye a matsayin fata. A Faransa kuma a ƙarni na 18 Antoine Watteau ya shahara da alli uku, ja da baƙi da fari, a kan takarda mai ɗan launi.

Mu fara da kayan aiki. Takarda tukunna. Kana son wadda duhunta yake tsaka-tsaki, idan ka aza farar takarda a gefenta ka ga tafi duhu sosai, idan ka aza baƙin abu ka ga tafi haske sosai. Wadda tayi haske da yawa farin fensir ba zai fito ba, wadda tayi duhu da yawa kuma inuwarka ce za ta nutse. Takardar kamfanin Canson mai suna Mi-Teintes mai nauyin giram 160 tana da fuska biyu, ɗaya mai ƙurji-ƙurji ɗaya mai ɗan santsi, ni dai mai santsin nake ba mai koyo shawara don ƙurjin ɗayar yana fitowa a cikin inuwa ya yi ta ɗauke ido. Kamfanin Strathmore ma suna da tasu mai ruwan toka da mai ruwan ƙasa. In babu ko ɗaya, kana iya yin taka: samu takarda mai kauri, manne gefunanta huɗu a kan katako da salatif, ka tsarma fentin ruwa sosai ka shafa da faffaɗan buroshi daga sama zuwa ƙasa ba tare da komawa baya ba, ka bari ta bushe ƙarau kafin ka cire salatif ɗin. Ko ka goga garin gawayi da tsumma mai laushi har ko'ina ya yi daidai, sai dai wannan farin fensir yana ɗan datti a kansa.

Sai fensir. Fensirin gawayi guda biyu sun isa, HB ko 2B na fara aiki, 4B ko 6B na duhu mai ƙarfi. Farin kuma ko farin fensirin gawayi irin na General's, ko farin alli na Conté, ko farin fensirin fastel. Fensirin makaranta na girafait yana aiki, amma ka sani yana sheƙi idan ka danna shi, kuma farin baya hawa kansa, zamewa yake. Sai kilina mai danƙo wadda ake murɗawa da yatsa a fitar mata da tsini, da reza, da ɗan guntun samfefa na gyara tsini, da wata takarda tsaftatacciya da za ka riƙa aza hannunka a kai. Kar ka raina wannan ta ƙarshen, gumin hannu da maiƙonsa suna barin tabo a takarda mai launi kuma baya fita.

Mataki na farko kafin ka zana komai, ka gwada kayanka a gefen takardar ko a wani guntu nata. Ja akwati biyar a jere. Na tsakiya kar ka taɓa shi sam. Na kusa da shi ta hagu ka shafa fari sama-sama yadda takardar ke leƙowa ta ƙasa, na ƙarshen hagu ka danna farin iya ƙarfinsa. Ta dama kuma gawayi sama-sama, sannan gawayi iya duhunsa. Waɗannan biyar ɗin su ne duk abin da kake da shi, babu wani fari da ya wuce wannan, babu baƙin da ya wuce wancan. Ka bar su a inda idonka zai riƙa kai musu.

Mataki na biyu, shirya abin da za ka zana da haskensa. Ka fara da ƙwai ko farar ƙwallo ko farin kofi mara zane a jiki, ka aza shi kan farar takarda ko farin ƙyalle. Fitila ɗaya tak. Kashe sauran, ja labule, don idan haske na zuwa ta wuri biyu ko uku inuwoyi za su yi ta cin juna ka rasa gane komai. Ka ajiye fitilar a gefe kuma a sama kaɗan, wajen digiri 45, yadda kusan kashi biyu cikin uku na abin zai kasance a haske, ɗaya a inuwa. Tocilar waya ma ta isa in ka jingina ta da wani abu yadda ba za ta motsa ba. Kai ma kar ka riƙa canja wurin zama, ka sa alama a inda kujerarka take in zaka tashi.

Yanzu kafin fensir ya taɓa takarda ka zauna ka kalli ƙwan na ɗan lokaci, ka lumshe ido har ƙananan abubuwa su ɓace ya rage manyan fasali. Za ka ga gefen da ke fuskantar fitila yana da haske, a cikinsa akwai ɗan wuri ƙarami da ya fi ko'ina, shi ne ƙyalli. Daga nan hasken yana raguwa a hankali yayin da jikin ƙwan ke juyawa yana barin fitilar, har ka zo wani layi inda haske ya ƙare inuwa ta fara, wannan ita ce iyaka. Daf da iyakar ta cikin inuwa akwai wani zirin da ya fi duhu, zuciyar inuwa kenan. Bayansa inuwar tana ɗan washewa saboda hasken da ya daki farar takardar ƙasa ya dawo ya haska ƙasan ƙwan. Sai inuwar da ƙwan ya jefa a ƙasa, da kuma wani ɗan siririn wuri can ƙarƙashi inda ƙwan ya taɓa ƙasa, inda haske baya iya shiga kwata-kwata, nan ne mafi duhu a zanen gaba ɗaya.

Mataki na uku, fitar da siffa. Riƙe fensirin HB ta can baya, ba kusa da tsini ba, ka ja layuka marasa nauyi. Anan akwai abin lura: takarda mai launi bata son yawan gogewa, kilina mai tauri tana cin fuskarta ta bar wuri mai haske ko mai sheƙi wanda zai riƙa nunawa har ƙarshe. Saboda haka layin farko ya zama wanda da ƙyar kake ganinsa, in ka yi kuskure ka ɗan danna kilina mai danƙo a kai ka ɗaga, kar ka goga. Bayan siffar ƙwan, zana iyakar haske da inuwa a jikinsa, a lanƙwashe take tana bin zagayen jikin, ba miƙaƙƙiya ba. Sannan siffar inuwar ƙasa. Mutane da yawa suna zana ƙwan da kyau sai su yi wa inuwar ƙasa sakaci, alhali ita ce ke nuna inda fitila take da kuma cewa abin a zaune yake ba a iska ba.

Mataki na huɗu, cike inuwa. Duk abin da ke cikin inuwa, na jikin ƙwan da na ƙasa, ka shafe shi da gawayi mataki ɗaya, irin akwatinka na huɗu, bai-ɗaya, kar ka damu da inda ya fi duhu tukunna. Yi amfani da gefen tsinin, layuka kusa da juna ta fuska ɗaya, hannu sake. Idan ka gama ka ja baya ka duba, ya kamata tun yanzu abin ya fara kama da ƙwai da haske ke dukansa ta gefe, tun ba ka ɗauki farin fensir ba, saboda takardar da ka bari ta riga ta zama haske idan aka gwada ta da inuwar. In bai yi kama ba to siffar inuwar ce ba daidai ba, gyara ta yanzu, don fari ba zai ceci siffar da ta karkace ba.

Daga nan sai ka koma cikin inuwar da 4B. Ƙara duhu a zuciyar inuwa, ka tausasa gefenta ta ɓangaren haske yadda za ta narke a hankali cikin launin takarda, don jikin ƙwai a hankali yake juyawa. Inuwar ƙasa kuwa bakinta kaifi ne da shi kusa da ƙwan, yana yin laushi yayin da take nisa, kuma ta fi duhu kusa da ƙwan. Wannan bambancin baki mai laushi da baki mai kaifi shi ke gaya wa ido cewa wannan juyawar jiki ce, waccan kuma inuwa ce da aka jefa. Ɗan wurin da ƙwai ya taɓa ƙasa ka ba shi 6B, siriri, kar ka zagaye ƙwan duka da shi.

Maganar hasken da ya dawo cikin inuwa, dan Allah ka kiyaye, nan ne kusan kowa ke faɗawa. Idonka zai gaya maka wurin yana da haske sosai, saboda yana kewaye da duhu, sai hannunka ya kai ga farin fensir. Kar ka sa masa fari. Ko launin takarda tsagwaro bai kamata ya kai ba a mafi yawan lokuta. Ka lumshe ido ka gwada shi da gefen haske za ka ga har yanzu ɗan gidan inuwa ne. Yadda ake fitar da shi, ka ƙara duhun zuciyar inuwa da na inuwar ƙasa da ke maƙwabtaka da shi, shi kuma ka bar shi a matakin farko da ka shafa, in ya yi duhu da yawa ka ɗan ɗaga da kilina mai danƙo sau ɗaya ko biyu. Da zarar fari ya shiga inuwa ƙwan zai baje ya zama faifai, ko ya koma kamar na gilashi.

Mataki na biyar, fari. Sai yanzu. Fere shi ya yi tsini, ka goge hannunka daga baƙin gawayi, in da hali ma ka wanke ka shanya. Nemo wurin da ya fi fuskantar fitila ka fara daga nan, da hannu mara nauyi, kana faɗaɗawa waje kana rage dannawa har farin ya ɓace cikin takardar. Layukan su riƙa bin zagayen jikin ƙwan. Farin nan kamar gishiri yake a miya, kaɗan-kaɗan ake sawa ana ɗanɗanawa, ƙarawa ba wuya amma ragewa aiki ne. Shafa ɗaya, ja baya, duba, sannan ka yanke ko akwai buƙatar ƙari.

Ga ƙa'idar da nake so ta zauna maka: tsakanin inda farin ya ƙare da inda gawayi ya fara dole a sami fili na takarda tsura wanda babu abin da ya taɓa shi. Fari da baƙi kar su haɗu. Idan suka cakuɗe suna ba da wata toka mai sanyi mai ɗan shuɗi-shuɗi, dusu-dusu, wadda bata dace da launin takardar ba, musamman a mai ruwan ƙasa inda take fitowa kamar datti ƙiri-ƙiri. Kuma ma ba ka buƙatarta, tokar da kake nema tana nan a takardar kyauta. Wannan filin da ka bari shi ne rabin haske, shi ke ɗaukar juyawar jikin daga haske zuwa inuwa. A zane mai kyau sau da yawa takarda tsura ta fi wurin da aka shafa yawa. Haka nan in kana murza da yatsa ko da nannaɗaɗɗiyar takarda, ka ware ta fari daban ta baƙi daban, ni kam na fi son a bar farin ba murzawa, don murza shi na kashe haskensa.

Ƙyalli shi ne ƙarshe. Ɗigo ɗaya ko ɗan gajeren layi da farin iya ƙarfinsa, irin akwatinka na farko, a wuri ɗaya. Ka lura ba a bakin ƙwan yake ba, yana ɗan ciki, kuma a abu mara sheƙi irin ƙwai gefensa da laushi, a kofin tangaran ko ƙarfe kuwa ƙarami ne mai kaifi. Idan ka riga ka danna fari ko'ina a gefen haske, ƙyallin ba zai sami inda zai fito ba, shi ya sa tun farko ake rowar farin. Wasu suna sa ɗigon farin fenti mai kauri ko farin biro a nan, ba laifi, amma ɗigon ya zama guda ɗaya ko biyu.

Teburin da ƙwan ke kai fa? Tunda fari ne kuma haske na dukansa kana iya shafa fari kaɗan a gefen inuwar ƙasa da kuma bayan ɓangaren inuwar ƙwan, ya ɓace a hankali yayin da yake nisa. Wannan zai fito da bakin ƙwan ba tare da ka ja masa layi ba. Ba sai ka cike bayan duka ba.

Mataki na shida, dubawa. Jingina zanen a bango ka koma baya taku uku ko huɗu, ka lumshe ido ka kalli ƙwan gaske ka kalli naka. Ɗauki hoton su biyun da waya ka mayar baƙi da fari, ƙaramin hoto yana tona kuskure nan take. Tambayi kanka, akwai wani wuri a inuwa da ya kai wani wuri na gefen haske haske? In akwai, duhunta shi. Farin ya yi yawa? Murɗa kilina ta yi faɗi ka riƙa dannawa kana ɗagawa daga gefen farin zuwa ciki har takarda ta dawo. Duba shi a madubi ma yana nuna karkacewar siffa da ido ya saba da ita.

In ƙwai ya zauna maka sai ka gwada abu mai duhu, kamar baƙin kofi ko tulu mai ruwan ƙasa, anan lissafin ya canja. Abu mai duhu ko a cikin haske bai kai fari ba, don haka takarda tsura ce za ta zama gefen haskensa, ko ma ka ɗan shafa masa gawayi, farin kuma ƙyalli kawai zai samu. Haka abin yake a fuskar mutum. Mai duhun fata a kan takarda mai ruwan ƙasa, takardar ce fatar da haske ya daka, fari kuma sai a goshi, karan hanci, saman kunci, leɓen ƙasa da ɗan ɗigon cikin ido, kuma ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba, zaɓi guda ya fi sauran. Farin ido kansa kar ka cike shi da fari, yana ƙarƙashin inuwar fatar ido da gira, yawanci takarda tsura ko shafa ɗaya mara nauyi ta ishe shi, in ka danna sai mutumin ya fito a firgice. Haƙora ma haka. Ƙyalle mai ninki kuwa shi ne atisaye mafi daɗi a wannan takarda, ka rataya farin mayafi a bayan kujera, kowane ninki ka ɗauke shi a matsayin ƙaramin bututu mai gefen haske da iyaka da inuwa, fari a kan tudun, gawayi a cikin kwarin, takarda a tsakani.

Idan ka gama, gawayi da alli suna gogewa da ɗan taɓawa kaɗan, don haka ana fesa musu fiksatif, wato feshin gwangwani da ke manne garinsu a jikin takarda. Yi a waje ko inda iska ke shiga, gwangwanin ya yi nisan kamar santimita 30 daga takardar, feshi mara nauyi sau biyu da ɗan jira a tsakani ya fi guda ɗaya mai jiƙawa. Ka sani fiksatif yana dusashe fari, wani lokacin ma ya kusa haɗiye shafaffen fari mara nauyi, shi ya sa ya fi kyau ka fesa bayan ka gama aikin gawayi, ya bushe, sannan ka sa fari, ko in ka fesa a ƙarshe ka dawo ka sabunta ƙyallin. Fara gwadawa a kan akwatunan nan biyar ka ga yadda zai yi musu. Feshin gashi da wasu ke amfani da shi yana iya sa takarda ta koma rawaya bayan lokaci, kar ka sa shi a zanen da kake son ajiyewa. Wajen ajiya ka shimfiɗa siririyar takarda mai santsi a kan fuskar zanen, ka sa shi a kwance cikin fayil inda ba zai riƙa gogar wani ba, kuma nesa da rana, don launin wasu takardun yana koɗewa in hasken rana ya daɗe yana dukansu.